Daga Kornaka zuwa Sheffield: Shawarwari ga Mai Son Kallon Gasar Sinuka ta Duniya

Matasan da ke kewaye teburin sinuka a Kornaka ko Dakoro ko Maraɗi sun san sunan Ronnie O'Sullivan da Judd Trump ta waya. Wanda Allah ya hore wa hali, ɗan kasuwa ne ko ɗalibi ko mai ɗan'uwa a Ingila, yana iya ganin waɗannan gwanaye ido da ido a garin Sheffield, inda ake buga gasar duniya kowace shekara tun 1977. Ana yin ta a wani gidan wasan kwaikwayo mai suna Crucible, kwana 17, daga tsakiyar Afrilu zuwa Litinin ta farko a watan Mayu. Kujerun ɗakin ba su kai 1,000 ba, masu nema kuwa daga ko'ina suke. Saboda haka tafiya ce ta mai shiri tun da wuri, wanda ya san abin da kuɗinsa zai saya.

San wasan kafin ka biya

Yawancin teburan da ke unguwanninmu ƙanana ne, masu ƙwallaye da lamba. Na ƙwararru daban yake: tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 6. Jajayen ƙwallaye 15 ne, kowace maki ɗaya. Sai masu launi shida: rawaya 2, kore 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ɗan wasa zai jefa ja a rami, ya bi ta da mai launi, a fiddo mai launin a mai da ta gurbinta, har jajayen su ƙare. Wanda ya jefa kowace ja tare da baƙa, ya kwashe sauran bai kuskure ba, ya haɗa 147. Cliff Thorburn ne ya fara yin haka a Crucible a 1983, O'Sullivan kuma ya yi nasa cikin minti 5 da daƙiƙa 8 a 1997.

Daga jera ƙwallaye zuwa kwashe su, zubi ɗaya ke nan. A zagayen farko, wanda ya riga cin zubi 10 ya wuce. A zagaye na biyu da na uku 13 ake nema, a na kusa da ƙarshe 17, a na ƙarshe 18. Mutum 32 ke shiga: 16 na saman jeri, da 16 da suka fito daga wasannin share fage. Jerin kuwa da kuɗi ake lissafa shi, wato abin da ɗan wasa ya ci a gasannin jeri cikin shekara biyu. Wannan gasa ita ke rufe kaka, kuma a 2025 zakaranta ya tafi da fam 500,000, sama da miliyan 350 na sefa, don haka mako biyu a Sheffield na iya ɗaga mutum ko ya dawo da shi baya.

Tikiti na zama ɗaya ne

A nan baƙi suka fi yin asara. Tikitin da ka saya na zama ɗaya ne, ba na karawa duka ba. A makon farko ana zama da ƙarfe 10 na safe, da 2 da rabi na rana, da 7 na yamma. Karawar zagayen farko zama biyu ce, ta ƙarshe kuma zama huɗu cikin kwana biyu. In ka sayi zaman buɗewa, za ka ga zubi takwas ko tara cur, amma ba za ka ga wanda ya yi nasara ba. In ka sayi na rufewa, za ka ga sakamako, sai dai yana iya zama gajere, ko ma a rasa shi baki ɗaya. A 2025 Zhao Xintong ya doke O'Sullivan 17 da 7 tun a zama na uku, masu tikitin zama na huɗu ba su samu karawar da suka biya dominta ba. Mai hali ya sayi zaman buɗewa da na rufewa na karawa guda.

Har zuwa ƙarshen zagaye na uku tebur biyu ake sawa, da katanga a tsakani. Duba wane tebur kujerarka ke kallo. Daga zagayen kusa da ƙarshe ake ɗage katangar a bar tebur ɗaya, farashi kuma ya hau.

Ana fara sayar da tikitin baɗi tun gasar bana ba ta watse ba, kuma na kwanakin ƙarshe ne ke fara ƙarewa. Saya ta shafin hukumar World Snooker Tour ko na gidan Crucible kansa. Kada ka tura wa wani kuɗi don ya ce a Facebook yana da kujera. Ka kuma sani cewa lokacin da kake saye ba a san wa zai kara da wa ba, sai an gama share fage ake jefa ƙuri'a. Abu ɗaya ne tabbatacce: mai riƙe da kofi ke buɗe gasa da safiyar Asabar ta farko.

Wane mako ya fi?

Shawarata ita ce makon farko. Tikiti ya fi sauƙi, duka gwanayen suna nan, kuma a nan ake ganin manya suna faɗuwa. Tun 1977 babu wanda ya ci kofinsa na farko a Crucible ya sake ci a shekarar da ta biyo. Luca Brecel na Beljiyam ya doke Mark Selby 18 da 15 a 2023, da ya dawo a 2024 aka fitar da shi a zagayen farko. Kyren Wilson ya doke Jak Jones 18 da 14 a 2024, a 2025 Lei Peifan, wanda bai taɓa buga wasa a ɗakin ba, ya kore shi 10 da 9 a ranar buɗewa.

Wanda aljihunsa bai kai Crucible ba, ya nufi wasannin share fage. Ana yin su kwanaki kafin gasar a cibiyar wasanni ta English Institute of Sport, cikin Sheffield ɗin, jirgin cikin gari na kai mutum kusa da ƙofa. Teburori da yawa ke aiki lokaci guda, kuɗin shiga kaɗan ne, kuma ba wasan yara ake yi ba. A nan Jackson Page ya haɗa 147 sau biyu a karawa ɗaya a 2025, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. Daga nan kuma Zhao ya taso a shekarar ta 2025, bayan dakatarwar wata 20 da aka yi masa kan badaƙalar caca. Ya ci karawa huɗu a share fage, ya ci biyar a Crucible, ya doke Mark Williams mai shekara 50 da ci 18 da 12, ya zama ɗan ƙasar Sin na farko da ya ɗauki kofin.

Karawar ƙarshe tana da nata daɗin. Ta 1985, wadda Dennis Taylor ya ci Steve Davis 18 da 17 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, ta hana mutum miliyan 18.5 barci a Birtaniya har bayan sha biyun dare. A 2022 O'Sullivan ya doke Trump 18 da 13, ya kamo Stephen Hendry da kofi bakwai. Amma ba kullum ake kwana a gado ba: a 2025 Zhao ya shiga zaman ƙarshe yana da 17, Williams yana da 8, zubi biyar kawai aka buga aka tashi.

Biza da hanya

Ɗan Nijar da ɗan Najeriya duka suna buƙatar bizar ziyara. Ana cike takardun ta intanet, sannan a je cibiyar da ke ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ana karɓar buƙata daga wata uku kafin ranar tafiya, amsa kan fito cikin kimanin mako uku, don haka a fara a watan Janairu. A haɗa da bayanin asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da tikitin gasar. Duk takardar da ke cikin Faransanci sai an haɗa ta da fassarar Turanci daga mai fassara da aka amince da shi. Kada a ƙara ko sisi a kan gaskiya; ƙarya a takardar biza na jawo hani na shekaru.

Daga Kornaka a gangara Maraɗi. Daga nan hanya biyu ce: ko a bi babbar hanya ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, a tashi daga filin jirgin Diori Hamani; ko a bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina a tashi daga Kano. Mai bin hanyar Kano ya tambayi halin iyaka da na tsaro a makon tafiyarsa, kuma ya yi ta da rana. Jiragen da ke yada zango a Santambul, Adis Ababa ko Kasablanka sun fi rashin wahala, domin ratsawa ta wasu ƙasashen Turai na iya buƙatar wata bizar daban.

In ka sauka Manchester, jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly zuwa Sheffield kimanin awa ɗaya ne. In Landan ce, nemi tashar St Pancras, tafiyar awa biyu da ɗan kai. Tikitin jirgin ƙasa na ranar tafiya yana da tsada ƙwarai, a saye shi tun ana gida. Daga tashar Sheffield zuwa Crucible, a dandalin Tudor Square, minti goma ne a ƙafa, da ɗan hawa.

Abin ɗauka da abin bari

Za ka baro zafin bazara da ke haura digiri 40 ka faɗa garin da safiyarsa kan sauko ƙasa da digiri 5, da yayyafi ba sallama. Ɗauki rigar sanyi mai kauri, da takalmi rufaffe, da laima. Cajar da ake sawa a bangon Nijar ba ta shiga na Ingila, nasu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya. Agogo kuwa kada ka taɓa shi: a watannin nan lokacin Ingila da na Nijar ɗaya ne.

Kilishi da cuku su tsaya a gida. Doka ta hana shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Wanda ya riƙo tsabar kuɗi da suka kai fam 10,000 dole ya bayyana su. Shaguna da yawa ma kati kawai suke karɓa, don haka tabbatar katin bankinka na aiki a waje. Yi inshorar lafiya, domin baƙo biya yake yi in an kwantar da shi a asibiti.

Otal-otal na tsakiyar gari kan cika su kuma yi tsada a kwanakin gasar. Kama ɗaki da zarar tikiti ya shiga hannu, irin wanda za a iya sokewa in biza ba ta fito ba. In tsakiyar gari ta gagara, nemi masauki a bakin layin jirgin cikin gari.

Salla da abinci

Musulmi ba ya maraici a Sheffield. Akwai ƴan asalin Pakistan da Yaman da Somaliya da suka daɗe a garin. Masallacin Madina na kan titin Wolseley, kudu da tsakiyar gari, gidajen abincin halal kuma suna jere a London Road da Spital Hill. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8, wato magariba za ta same ka a tsakiyar zaman yamma. Ana ba da hutun kimanin minti 15 bayan zubi huɗu. Shiga da alwala, ka kuma tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salla kafin ka bar gida.

Ladabin ɗaki

Wanda ya saba da filin kokowa na Maraɗi, inda ganga da kirari da ihu ke cikin wasan, sai ya kama bakinsa a nan. Ɗan wasa na duƙawa kan tebur, ɗakin ke yin tsit. Kashe waya gaba ɗaya. In ta yi ƙara alƙali zai tsai da wasa, ana iya fitar da kai. Ba a ɗaukar hoto ana cikin wasa. Ba a shiga ko fita sai tsakanin zubi da zubi, wanda ya makara sai ya jira a bakin ƙofa. Ana tafi bayan bugu mai kyau, a kuma yi shiru nan take. Mai tari ya riƙe ruwa da alewa. Ana sayar da ƴar rediyon kunne da ke kawo sharhin talabijin. Ga mai jin Turanci tana da amfani, musamman in wasa ya koma na ɓoye ƙwallo.

Ranar da ba ka da tikiti, leƙa Winter Garden, lambun gilashi da ke dab da dandalin, inda ake kafa teburi ga jama'a lokacin gasar. Mai son ƙwallon ƙafa kuma yana garinta: ƙungiyar Sheffield FC da aka kafa a 1857 ita ce mafi tsufa a duniya, filin Bramall Lane kuma ana isa gare shi a ƙafa daga tsakiyar gari.

Abu biyu na ƙarshe. Za ka ga shagunan caca a titunan garin. Ba su ka zo nema ba, kuma caca ce ta jawo aka hukunta ƴan wasa goma a 2023, biyu daga cikinsu har abada. Sannan ka dawo a ranar da ka rubuta a takardarka, don na bayanka su samu biza cikin sauƙi. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.