Yadda Ake Tsara Lokacin Ziyarar Yini Guda: Daga Gwaram Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

A watan Disamba na 2024, wani katafaren jirgin ruwa na yawon shaƙatawa mai suna Aroya ya fara tashi daga Jidda, yana zagaya Bahar Maliya da fasinja fiye da 3,000. Irin waɗannan jiragen kan ba fasinja takardar tafiya mai cewa, misali, za a isa tsibiri kaza ƙarfe 8 na safe, a tashi ƙarfe 5 na yamma. Baƙo sai ya ƙirga awa tara, ya ɗora shirinsa a kai. Wanda ya saba kuwa ya san awa taran nan a takarda kawai take.

Jirgi na iya isa ƙarfe 8, amma ba wanda zai taka ƙasa sai jami'an tasha sun gama duba takardu. In tsibirin ba shi da matsayar da za ta ɗauki babban jirgi, kamar Santorini ta ƙasar Girka, sai jirgin ya tsaya can cikin teku, a riƙa yi wa mutane fito a ƙananan jirage masu ɗaukar mutum ɗari da 'yan kai. Waɗanda suka biya kuɗin yawo ta hannun kamfanin jirgin su ake fara fitarwa, saura su karɓi lamba su jira kira. Da yamma ana so kowa ya koma ciki aƙalla rabin awa kafin tashi, jirgin fito na ƙarshe kuma yakan bar gaɓa tun kafin nan. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, ba a jiran sa. Shi zai san yadda zai yi ya tarar da jirgin a tasha ta gaba, da kuɗin aljihunsa.

Babu teku a kudancin Jigawa, amma lissafin bai canza ba ga malamin makarantar da zai kwashi ɗalibai daga Gwaram, Sara ko Basirka zuwa kallon zanen duwatsun Birnin Kudu, ko shugaban ƙungiyar matasan da ya tara mutum talatin don irin wannan fita. Lokacin isa gari daban, lokacin da ƙafa za ta hau dutse daban. Ga yadda ake tsara abin mataki-mataki.

Mataki na 1: A fara da lokacin dawowa

Yawancin masu shirya tafiya da tambayar "ƙarfe nawa za mu tashi?" suke farawa. Wadda ta kamata ta zo farko ita ce: ƙarfe nawa ya zama dole kowa ya kasance a gida?

A wannan yanki rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 a watannin Nuwamba da Disamba, a Yuni da Yuli kuwa sai bakwai saura 'yan mintoci. Mai tafiya da yara ya ɗauki awa guda kafin magariba a matsayin iyakarsa, domin wasu ɗaliban bayan sun sauka a Gwaram suna da sauran tafiya zuwa ƙauyukansu, a ƙasa ko a kan babur. Daga wannan iyaka ake ƙirgowa baya: a cire lokacin hanya, a cire lokacin tara jama'a a bakin mota, a cire na sallah da na abinci. Abin da ya rage shi ne ainihin lokacin ziyara.

Mataki na 2: A zaɓi wata, a zaɓi rana

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi dacewa. Hanya ta bushe, ciyawa ta kwanta, dutse ba ya santsi, sanyin hunturu kuma yana sa hawa ya yi sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce, kuma dutse yana riƙe zafin rana, don haka in ya zama dole a je a lokacin, sai a gama duk wani hawa kafin ƙarfe 11. Agusta da Satumba su ne watannin da ruwa ke cinye hanya.

Game da rana, Juma'a gajera ce, tun ƙarfe 12 hankali ya koma masallaci. Ranar kasuwar wani babban gari da ke kan hanya ma tana cin lokaci, saboda cunkoson motoci, babura da dabbobi a bakin titi. Asabar da Lahadi ba ranakun aikin gwamnati ba ne, sai an yi magana da ma'aikatan wurin zanen tun da wuri. Ranakun tsakiyar mako sun fi kwanciyar hankali.

Mataki na 3: A daidaita da mota tun kafin ranar

Motar haya ba ta tashi da agogo, sai ta cika. Wanda ya dogara da lodin tasha yana iya zama awa guda ko fiye ana jiran mutum biyu, da yamma kuma motoci kan yi ƙaranci. Jama'ar da ta kai goma gara ta ɗauki shata.

A zauna da direba kwana biyu ko uku kafin tafiya, a yanke abu huɗu: kuɗin zuwa da dawowa, ƙarfe nawa zai zo, cewa zai sha mai tun daren jiya, da cewa zai zauna ya jira a Birnin Kudu. Wannan na ƙarshen shi ne ke ɓata tafiye-tafiye da yawa. Direba ya sauke mutane ya ce "bari in ɗan yi lodi ɗaya in dawo", sai la'asar ta yi ana ta kiran wayarsa. Maganinsa shi ne a biya rabin kuɗi da safe, a riƙe rabi sai an sauka a gida. A kuma duba safaya da jak da ido, kada a tsaya ga jin "akwai".

Duk lokacin da direba ya faɗa na hanya, a ƙara masa rabinsa. In ya ce awa guda, a rubuta awa ɗaya da rabi, domin shingen bincike, ramuka da faci ba sa cikin lissafinsa. Masu zuwa daga Kano, wadda ke da nisan kusan kilomita 120 ta Wudil da Kwanar Huguma, su ma haka za su yi.

Mataki na 4: A nemi izini kafin a isa

Wuraren zanen duwatsun Birnin Kudu suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da cibiya a garin. Makaranta ko ƙungiya ta aika takarda mako guda ko biyu kafin ranar, ta faɗi yawan mutane da lokacin isowa, sannan a sake buga waya ana gobe tafiya. Jama'ar da aka san da zuwanta tana sauka ta tarar da ɗan jagora na jira. Wadda ta faɗo ba sanarwa sai ta zauna a inuwa ana neman mai makulli.

Sai kuma gaisuwa. Birnin Kudu da Gwaram duk ƙasar Masarautar Dutse ce, kuma baƙi masu yawa ba sa ratsa unguwa su hau dutse ba tare da an yi sallama da mai unguwa ko dattawan wurin ba. Gaisuwar Bahaushe ba a yin ta a tsaye cikin gaggawa. A ware mata minti ashirin zuwa talatin a cikin tsari, a kuma tura mutum biyu ko uku su wakilci tawaga maimakon a kwashi kowa.

Mataki na 5: A raba awannin da suka rage

Wuraren da aka fi sani su ne Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A cikin kogunansu akwai zanen shanu, wasu masu dogayen ƙaho, wasu gajeru, marasa tozo, saɓanin farar saniyar Fulani da aka sani a yau. Wannan kaɗai ya isa malamin tarihi ya tsayar da ɗalibai ya tambaye su: waɗanne irin makiyaya ne suka zauna a nan, kuma ina irin shanunsu suka tafi? Wasu masana na kiyasta zanen ya haura shekara 2,000. Akwai kuma duwatsun kiɗa, waɗanda in an buge su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙarfe. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya yi rubutu game da su a shekarun 1950 har duniya ta san da su.

Kogo ba fili ba ne. Mutum talatin ba za su ga zane a lokaci guda ba, sai an raba su rukuni-rukuni na takwas zuwa goma. In kowane rukuni ya ci minti goma sha biyar, wuri ɗaya ya cinye kusan awa guda, ban da tafiya tsakanin dutse da dutse. Don haka wuri biyu a natse ya fi uku a guje. A tambayi ɗan jagora wanne ya fi nisa ko wuyar hawa, a fara da shi, da sanyin safiya ake kama fara. Mafi kusa da mota a bar shi ƙarshe, yadda in lokaci ya ƙure za a iya taƙaita shi ba tare da asara ba.

Ga misalin tsari na watan Disamba, in an ɗauka direba ya ce hanya awa guda ce. A kira taro ƙarfe 6:30, mota ta tashi 7:30. A isa ƙarfe 9:00. Gaisuwa, rajista da bayanin ɗan jagora su kai 9:45. Daga nan zuwa ƙarfe 1:00 ana kan duwatsu. Azahar da abinci zuwa 2:15. Sauran mintocin a zauna a cibiya a yi tambayoyi da rubutu. Ƙarfe 3:00 kowa ya hallara a bakin mota, 3:30 a tashi, a tsaya la'asar a hanya, a sauka Gwaram wajen ƙarfe 5:00. Yinin ya ci awa goma da rabi, amma abin da aka yi a kan dutse awa uku ne da kwata.

Wanda ya ga wannan lissafi ba zai ƙara cusa ziyarar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Dangote ya yi karatu, da shiga kasuwa, da gaida 'yan uwa duk a rana ɗaya ba. Kowane ɗaya daga cikinsu na buƙatar ranarsa.

A kan dutse, ba a taɓa zane da hannu, ba a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, ba a rubuta suna a jikin kogo. A sa takalmi mai kama ƙasa, a bar turare mai ƙarfi a gida saboda ƙudan zuma, kada kuma yaro ya zura hannu cikin rami.

Mataki na 6: In akwai ruwa a hanya

Wasu ƙauyukan yankin da damina sai an yi fito kafin a kai titi. Kogunan nan suna cika ne da ruwan da ya sauka can ƙasar Bauchi, don haka kogi na iya kawowa da yamma alhali ko ɗigo bai sauka a garin ba. Mashigin da aka ratsa da ƙafa da safe yana iya fin ƙarfin mutum da la'asar.

Kwale-kwale kuma yana da iyakar abin da yake ɗauka. In yana ɗaukar mutum goma, tawaga ta kai talatin, sawu uku ke nan, kowane sawu da zuwansa da dawowarsa. A tambayi mai fito minti nawa sawu ke ci da kuma ƙarfe nawa yake ɗaure jirgi, a ninka, a sa a lissafin safe da na yamma. Ba a ƙara mutum ko babur don a rage sawu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, ta kuma wajabta sa rigar kariya.

Titi ma ba ya tsira. A watan Agusta na 2021, mutum 21 suka rasu lokacin da motarsu ta faɗa gadar da ruwa ya karya a hanyar Gwaram zuwa Basirka. In an kwana ana ruwa, kafin mota ta tashi a buga wa 'yan ƙungiyar direbobi na tasha waya a ji halin hanya. In akwai shakka, a ɗage tafiyar.

Mataki na 7: Agogo guda, wuri guda, ƙirga uku

Kafin kowa ya watse, jagoran tafiya ya faɗi lokacin haɗuwa da lamba, kamar "ƙarfe uku daidai", ba "bayan azahar" ba, domin bayan azahar na iya kaiwa har la'asar. Agogon wayarsa shi ne abin bi. A nuna wurin haɗuwa da hannu, a ba kowane rukuni babba guda mai waya da caji, a kuma faɗa wa jama'a lokacin da ya gaza na gaskiya da rabin awa.

A ƙirga mutane sau uku da sunayensu daga takarda: kafin a tashi daga gida, bayan an sauko daga dutse, da kuma bayan kowa ya zauna a mota. Takardar ta ƙunshi lambar wayar iyayen kowane yaro, a bar kwafinta a makaranta. In wani ya ji rauni ko ya gamu da saran maciji, Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin garin Birnin Kudu, can za a nufa kai tsaye, mutum biyu su raka shi, sauran tawaga kuma ta kama hanyar gida a kan lokacin da aka tsara.