Amsar Tambaya: In Sayar da Kwabban Kakana?

Wani mai karatu daga Gantsa, ƙaramar hukumar Buji, ya tsinci gwangwanin kwabbai da aninai masu huji a akwatin marigayi kakansa, yana tambaya ko ya sayar wa 'yan gwangwan.

Malam, kada ka sayar da su a kan sikeli, kada kuma ka goge su da toka ko lemon tsami, domin gugar tana zubar da darajarsu. Masu tara tsoffin kuɗi ƙarancin abu suke biya, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Shi ya sa a Amurka katin ɗan wasa Honus Wagner, wanda aka fara sakawa cikin kwalin taba a 1909, ya kai dala miliyan 7.25 a 2022, saboda kaɗan aka buga. Ka zauna da hasken rana ka duba shekarar kowane kwabo da anini. Aninin 1907 da wasu na 1908 da alminiyom aka yi su, marasa nauyi, kuma yanayin ƙasarmu ya cinye da yawansu har aka sauya ƙarfen. Ka nemi ƙananan haruffa H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga su, don kwabban shekara ɗaya kan bambanta a farashi saboda su.

Wani zai ce ai na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a shekarar, su ne dukiya. Tarihinsu babba ne, amma an buga su da yawa, kada ka sa rai da miliyoyi. Yawancin abin da ke gwangwanin ma ba zai yi tsada ba. Duk da haka kuɗin ɗan gwangwan bai kai a rabu da gadon kaka ba. Ka ware su shekara-shekara, ka naɗe kowane a takarda, ka ajiye inda babu danshi.