Motar Da Ta Ƙi Tashi

Ranar kasuwa mun sha ganin tsohuwar mota ta tsaya a Dawaki, an cika ta da buhunan dawa za a kai Rano. Direba ya murɗa makulli, sai a ji ƙas, ƙas, injin bai motsa ba. Fasinjoji su sauka, rana ta yi, ciniki ya wuce.

Abin da ke tada injin sunansa sitata. Yana shan wuta daga batir, ya juya wani babban faifan ƙarfe mai haƙora, injin ya kama. A da da hannu ake juya injin, har hannun mutane yana karyewa. A 1912 aka fara sa sitata a motar Cadillac a Amurka.

Kada mu yi saurin ɗora wa sitata laifi. Mu kunna fitila, mu murɗa makulli. In fitila ta dushe, galibi batir ne ya yi sanyi, ko kansa ya kwance. In farin gari ya taru a kan, mu cire waya mu wanke da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. In fitila na nan da haskenta, to, mu duba sitata.

A cikinsa akwai 'yan guntayen gawayi masu kai wuta. Yau da gobe suna cinyewa. Direbobi kan ƙwanƙwasa shi da sufana ya tashi. Dabara ce ta kwana biyu, kuma a hankali ake yi, don duka mai ƙarfi yana fasa abin da ke ciki. Kada kuma mu riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. Zafi zai ƙone shi, batir ya ƙare.

In turawa za mu yi, direba ya buɗe makulli, ya sa giya ta 2, ya taka kuloci. Mota ta ɗauki gudu, ya saki. A kori yara daga hanya tukuna. Mota mai canja giya da kanta ba ta tashi da turi.

Sabon gawayi ya fi sabon sitata araha nesa ba kusa ba, ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin makaniki ya shiga ƙarƙashin mota, a cire wayar batir, a sa dutse a taya.