Nishin Jinjiri Cikin Barci: Na Lafiya da Na Ciwo

Jinjiri sabon haihuwa ba ya barci shiru. Yakan yi nishi, ya yi shaƙuwa, cikinsa ya yi ƙugi, wani lokaci ma ya ɗan tsala kuka alhali idonsa a rufe. Mai haihuwar fari takan firgita ta ɗauke shi, ta katse masa barci ba dalili.

Ga yadda abin yake. Jinjiri yakan yi barcin sa'a 14 zuwa 17 a kwana guda, wajen rabinsa kuwa barci ne marar nauyi mai yawan motsi. Galibin numfashinsa ta hanci yake yi, ƙofar hancin kuma 'yar ƙarama ce, majina kaɗan sai ta sa shi minshari. A Yola da Jimeta abin yakan ƙaru da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, saboda ƙura. Hayaƙin itace da na turaren wuta a ɗakin jego su ma suna toshe masa hanci, gara a nisanta shi da su. Haka nan yakan ɗauke numfashi na sakan 5 zuwa 10, sa'an nan ya ci gaba. Muddin yana kama nono sosai, wannan duka ba cuta ba ne.

Abin da za a duba shi ne ƙirjinsa. A buɗe rigarsa yana kwance lafiya, a ƙirga numfashinsa minti guda cur. In ya kai 60 ko ya wuce, a sake ƙirgawa. In ya maimaita, akwai matsala. Haka kuma in yana nishi a kowane numfashi, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko leɓunansa sun yi shuɗi, ko ya ɗauke numfashi har sakan 20, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau. Waɗannan alamu ne na ciwo mai tsanani, irin su ciwon huhu, wanda kan kashe jinjiri cikin ɗan lokaci.

A nan ne ake yin kuskure babba: a ce beli ne a kira wanzami, ko a ɗura masa jiƙo. Yankan beli ba ya gyara numfashi, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Maigida kada ya jira wayewar gari. A kai yaron asibiti mafi kusa nan take, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, a lulluɓe shi a jikin uwarsa a hanya.

In lafiyarsa ƙalau, a kwantar da shi rigingine, ba rubda ciki ba, a cikin gidan sauro, ba tare da matashi ba.