Darasin Wannan Wata: Ciwo Biyu a Jiki Ɗaya

Sau da yawa idan aka kawo wa Fada ko Katikis saurayin da shaye-shaye ya kama, iyayensa sukan tambaya: ƙwaya ce ta taɓa masa hankali, ko taɓin hankalin ne ya kai shi ga ƙwaya? Likitoci sun nuna mana cewa kowannensu yana iya jawo ɗan'uwansa. Akwai wanda baƙin ciki mai tsanani ya hana shi barci, sai ya nemi sauƙi a burkutu ko kodin. Akwai kuma wanda wiwi ta tayar masa da ciwon da ke kwance, har ya fara jin muryoyin da ba mai jinsu sai shi. Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne: binciken 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda.

Saboda haka ba a jinyar ɗaya a jingine ɗaya. In muka raba mutum da kwalba, muka bar shi da damuwar da ta tura shi gare ta, lalle zai koma. In kuwa yana karɓar maganin asibiti yana kuma sha, giya za ta rushe aikin maganin. Sai an tunkari duka biyu lokaci guda, a hannun likitan da ya san labarin duka.

A nan ne iyalai da yawa ke kuskure, ko da yake ƙauna ce ke sa su. Sukan kulle yaro a ɗaki, wasu har da mari a ƙafa. Mu sani cewa wanda ya daɗe yana shan giya kullum, in aka yanke masa farat ɗaya, jijjiga da ruɗewa suna iya kama shi har ya rasa ransa. Bisharar Markus, sura 5, ta nuna mana mutumin da sarƙoƙi suka kāsa. Ubangiji Yesu ya warkar da shi, ya mai da shi ga danginsa. Littafin Sirak, sura 38, ya haɗa addu'a da girmama likita. Addu'armu ba ta hana mu zuwa asibiti.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Idan muka raka ɗan'uwa can, kada kunya ta sa mu ɓoye wa likita kome: abin da yake sha, yawansa, tun yaushe, da kuma ko ya taɓa maganar kashe kansa.