Tsatsar Ganyen Kofi: Yadda Take Shiga Bishiya da Yadda Za a Tare Ta

Akwai kukan da ake yawan ji daga bakin masu noman kofi, tun daga tsaunin Mambilla a Jihar Taraba har tuddan yammacin Kamaru. Bara bishiya ta yi 'ya'ya har rassa suna sunkuyawa, ana gama tsinka sai ganye ya kakkaɓe, bana kuma ga ta tsaye ba ganye, ko furen kirki ta kasa yi. Wasu su ce ƙasa ce ta gaji, wasu su ce bishiyar ce ta tsufa. Ɗan'uwa manomi, kafin ka yanke hukunci, kama ganye ka juya bayansa. In ka ga tabo mai ɗauke da gari ruwan lemo, ka shafa da yatsa ya bar maka launi, to tsatsa ce ta shigo maka gona.

Mece ce tsatsa?

Fumfuna ce, masana suna kiranta Hemileia vastatrix. Ba ta rayuwa a ƙasa ko a busasshen kara. Sai a cikin ɗanyen ganyen kofi mai rai. Ta fi cin kofi nau'in arabika, wanda ake nomawa a wurare masu tudu da sanyi, robusta kuwa ya fi jure mata. Wanda ya san tsatsar gyaɗa zai ga kama, amma kowace da abin da take ci: ta gyaɗa ba ta kama kofi, ta kofi ba ta kama gyaɗa.

Ɓarnarta tsohuwa ce. A 1869 ta bayyana a tsibirin Silon, wanda yau ake kira Siri Lanka, lokacin yana cikin manyan masu fitar da kofi a duniya. Cikin shekara ashirin ta durƙusar da noman, masu gonaki suka koma shuka ganyen shayi. A 1970 ta tsallaka teku ta isa Barazil, a 2020 kuma ta shiga Hawayi. Yau da wuya ka sami ƙasar da ake noman kofi ba ta je ba.

Yadda take shiga ganye

Garin nan da ya manne maka a yatsa shi ne irinta. Tabo guda yana iya fitar da ƙwayoyi dubu ɗari uku ko fiye cikin 'yan watanni. Iska tana kai su nesa, fantsamar ruwan sama tana ɗauke su daga ganye zuwa ganye, masu tsinka kuma suna yawo da su a riga, a hannu da a buhu.

Ƙwayar da ta sauka a ganye ba ta iya komai sai ta sami ruwa. Laima kaɗai ba ta isa ba. Sai ɗigon ruwan sama ko raɓa ya kwanta a kan ganyen na sa'o'i. Ta fi son ɗumi tsakanin digiri 21 da 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma ta fi tsira cikin duhu. Daren da aka yi yayyafi da yamma, ganye ya kwana a jiƙe, shi ne darenta.

Bayan ganyen kofi cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan bishiya take shaƙar iska. Saman ganyen ba shi da su. In ƙwayar ta tsira, sai ta miƙa siririn zare yana lalube har ya dace da ƙofa ɗaya, ya kafe a bakinta, ya kutsa ciki. Wannan yakan kammala cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan zaren ya yi rassa a tsakanin ƙwayoyin halittar ganye, yana cusa 'yan bakunan tsotso a cikinsu. Ba ya kashe su nan take, domin da ransu yake ci.

A nan haɗarin yake: duk wannan aikin a ɓoye ake yin sa. Ganye yana nan kore shar. Sai bayan mako biyu zuwa uku ɗan ɗigo fatsi-fatsi ya fito, wanda ka fi gani in ka ɗaga ganyen ga hasken rana. Bayan mako uku zuwa shida da kamuwa, gwargwadon ɗumin gari, sabon gari ya ɓullo ta ƙofofin da aka shiga, ya sake bazuwa. Cikin damina ɗaya za ta yi wannan zagaye sau da dama. Saboda haka tabon da kake gani yau labarin ruwan watan jiya yake ba ka, kuma a gefensa akwai ganyaye da suka riga suka kamu ba su nuna ba tukuna.

Abin da ya sa asarar takan jira baɗi

Ganye ne yake dafa wa bishiya abinci. In ya zube da wuri, bishiya takan kwashe ajiyar da ke cikin rassa da saiwa don ta cika 'ya'yan da take ɗauke da su. 'Ya'yan su fito ƙanana, wasu fanko, rassa kuma su fara bushewa daga baki. Arabika yana yin 'ya'ya ne a kan reshen da ya tsiro a shekarar da ta wuce, don haka bishiyar da ba ta sami ƙarfin yin sabon reshe bana ba, baɗi ba ta da inda za ta ɗora fure.

Bishiyar da ta fi ɗaukar 'ya'ya ita tsatsa ta fi kayarwa, musamman in ba ta ƙoshi ba. Kolombiya ta ga haka tsakanin 2008 da 2011: taki ya yi tsada, manoma suka rage zubawa, ruwa ya yi yawa, amfanin kofin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2012 da 2013 annobar ta mamaye Amurka ta Tsakiya, ta taɓa fiye da rabin gonakin kofi na yankin, har Gwatamala ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta.

Abin da za ka yi

Na farko, ka tabbatar da cutar. Akwai wata cuta mai yin tabo ruwan ƙasa da toka-toka a tsakiya, kewaye da rawaya, amma ba ta da gari. Goga farin ƙyalle a bayan ganye. Tsatsa kaɗai za ta rina shi. In kuma ka ga wani farin abu kamar auduga ya rufe tabon tsatsar, wata fumfuna ce da ke cin ta, taimakonka take yi.

Na biyu, ka riƙa zagaya gona duk mako biyu daga faɗuwar ruwan farko. Zaɓi bishiyoyi daga sassa daban-daban, ka duba rassan ƙasa da na tsakiya, domin daga can take farawa ta hau sama. Ƙirga ganye ɗari. In biyar suna da tabo, lokacin ɗaukar mataki ya yi.

Na uku, ka hana ganye kwana da ruwa. Bayan girbi ka datse busassun rassa da waɗanda suka cushe, ka cire 'yan tsiron da ke fitowa a gindi, ka yi noma. Inuwa tana da amfani, tana hana bishiya ɗaukar 'ya'yan da suka fi ƙarfinta, amma in ta yi duhu sosai ganye ba ya bushewa. Rage rassan itatuwan inuwa kafin damina ta kankama, yadda iska da hasken safe za su ratsa. Tsofaffin ganyaye masu tabo da suka ƙetare rani a jikin bishiya su ne suke kunna cutar sabuwar shekara, don haka datsa tana rage su.

Na huɗu, ka ciyar da bishiya daidai da kayan da ta ɗauka. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai, ɓawon kofi da aka tara ya ruɓe, da takin zamani a raba shi kashi biyu ko uku cikin damina. Shekarar da ka ga 'ya'ya sun yi yawa, ita ce shekarar ƙara taki.

Na biyar, feshi. Magani mai sinadarin jan ƙarfe kariya yake yi: yana kashe ƙwayar da ta sauka kafin ta shiga, amma ba ya bin wadda ta riga ta shige. Saboda haka a fara shi da farkon damina, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu, domin ruwa yana wanke shi kuma sabon ganye yana fitowa ba kariya. Juya bakin famfon feshi sama, maganin ya jiƙa bayan ganye. Wanda ya fesa saman ganye kaɗai ya zubar da kuɗinsa. In cutar ta riga ta kama, akwai magunguna irin su tirayazol masu ratsa cikin ganye su tsayar da ita tun tana ƙarama. Kada a yi ta maimaita su su kaɗai, fumfunar tana iya sabawa da su. Bi ma'aunin da ke jikin kwalba, ka kiyaye kwanakin da aka ce a bari kafin tsinka, ka rufe hanci, ka rufe hannu, kada ka wanke famfo a rafin da ake sha.

Maganar iri

Mafita mai ɗorewa tana cikin iri. A 1927 aka gano wata bishiya a tsibirin Timor, barbarar arabika da robusta da ta faru da kanta, wadda a lokacin tsatsa ba ta kamawa. Daga jininta aka fitar da Catimor da Sarchimor, da Ruiru 11 na Kenya a 1985, da Castillo na Kolombiya a 2005. Sai dai fumfunar tana sauya kama. An san nau'inta fiye da hamsin. A 2017 aka tabbatar ta karya juriyar irin Lempira a Honduras, bayan manoma da yawa sun dogara da shi. Don haka kada ka cika gona da iri ɗaya, kuma ko mai juriya ka shuka, kada ka daina duba shi da ciyar da shi.

In za ka sabunta gona, yi ta kashi-kashi don kada abin shigarka ya yanke, tunda sabon dashe yakan kai shekara uku kafin ya fara bayarwa. Duba bayan ganyen kowane dashe kafin ka biya. A Najeriya, Cibiyar Binciken Koko da ke Ibadan ita ke da alhakin binciken kofi, kuma tana da reshe a Kusuku a kan Mambilla; nemi shawararsu da ta malaman gona kan irin da ya dace da tudunku.

Abu na ƙarshe, ka yi magana da maƙwabtanka. Gona ɗaya da aka yi watsi da ita tana iya ciyar da unguwa guda da ƙwayar cuta. Ku sa ranar datsa tare, ku sa makon feshi tare, ku haɗa kuɗin magani da famfo in hali ya yi, masu tsinka kuma su fara da gonaki masu lafiya kafin su shiga waɗanda suka kamu. Allah Ya ba da damina mai albarka.