Shawarwari ga Iyaye: Tarbiyyar Samari Kan Mutunta 'Ya'ya Mata

Saurayin da ke zaune a majalisa yana yi wa 'yan makaranta fito, a tsakar gida ya fara koyon raini, ranar da aka ce wa ƙanwarsa ta tashi ta ɗauke kwanon da ya ci ya bari.

1. A raba aikin gida. Ya yi shara, ya wanke kwanonsa da kayansa, ya iya dafa ko da shinkafa ce. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi wa iyalinsa hidima a cikin gida, kuma hadisin yana cikin Bukhari. To, wane ne ɗanmu da zai fi ƙarfin tsintsiya?

2. A karɓe bulala daga hannun yaya. Wannan ce ta fi damuna. Yaro ɗan shekara 15 a ba shi ikon dukan ƙanwarsa wai don ladabtarwa, in ta kawo ƙara a ce, "Yi haƙuri, ai yayanki ne." Abin da ya ji shi ne hannunsa halal ne a jikin mace, kuma da wannan karatun zai shiga gidan aurensa. Hukunci na uwa da uba ne. Nasa shi ne rakiya zuwa Islamiyya da kare mata mutunci.

3. A kula da baki. "Kana kuka kamar mace", "ɗan daudu", "mijin ta ce": duk suna nuna masa zama mace abin gori ne.

4. Kada kunya ta rufe bakin manya. Inda uba ke kunyar ɗan fari, kawu ko baffa ya zaunar da shi kan balaga, haila da iyakar mu'amala da mata. In an yi shiru, abokai da TikTok za su koya masa nasu.

5. A ba shi tarihi. Nana Asma'u, 'yar Shehu ɗan Fodiyo, ta kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata.

6. Maigida, da kai nake. Yadda kake amsa wa mahaifiyarsa in ranka ya ɓaci, yana gani yana ji. Ka sassauta murya a gabansa.